Ranar da na turara shagon tsuntsayena

A shekarar da abin ya faru, ni mutum ne da ake nunawa a unguwarmu a ce ga wanda ya tsaya da ƙafarsa. A nan Jidda aka haife ni, kakana ne ya tako hajji bai koma ba. Na fara da tattabaru shida a saman gidan haya, har Allah ya kai ni ga buɗe shagon tsuntsaye a Aziziyya. Ana gobe Babbar Sallah akwai kanari saba'in a shagon, da ƙananan tsuntsaye masu launi sama da ɗari da na saro don iyayen da ke saya wa yara goron Sallah. Bayan waɗannan akwai keji goma sha ɗaya da ba nawa ba. Na mutanenmu ne da ke tafiya Makka aikin alhazai kowace shekara, su bar mini tsuntsayensu amana har su dawo. Ba na karɓar kuɗi mai yawa a kan wannan ajiya, amma ita ce ta yi mini suna.

A cikinsu akwai akun wata dattijuwa, aminiyar mahaifiyata, wadda muke kira Hala. Girki take yi wa alhazai. Akun ya fi shekara ashirin a hannunta, kuma tun da 'ya'yanta suka watse shi kaɗai ke amsa mata sallama idan ta shiga gida. Da ta kawo shi ta miƙo mini wani tsohon zanenta, ta ce in riƙa rufe kejin da shi da magariba, kuma kada in kuskura in ba shi gyaɗa mai gishiri ko da ya roƙa, don maroƙi ne kamar ni ina yaro. Na yi dariya na ce ta tafi hankali kwance.

Shirin Sallah na yi shi yadda ya kamata. Na yi fenti tun da wuri, na ƙara fitilu, na sayo sabbin keji. Abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Wata mata ta shigo da 'ya'yanta, ta toshe hanci da gefen mayafi, ta ce wa mijinta su tafi sabon shagon nan na gilashi da aka buɗe a gabanmu, can ba wari. Na yi murmushi na raka su ƙofa, amma maganar ta kwana da ni kwana uku. Ni kuma a gidanmu ba a san wani maganin wari ba sai turaren wuta. Da shi ake tarbar baƙo, da shi ake turara kayan Sallah. Sai na sa aka haɗo mini mai ƙarfi, na sandal da ake jiƙawa da mai da sukari, irin na matan Sudan.

Ina da ma'aikaci ɗaya, dattijo Bahaushen Sudan, ina ce masa Kawu. Da ya ga turaren ya ce mini mu'allim, wato maigida, ƙirjin tsuntsu ba irin na mutum ba ne, su a garinsu ko akurkin kaji ba a barin hayaƙi ya kwana a ciki. Ya ce a wanke ƙasa, a buɗe ƙofa, halas, shi ke nan, shagon tsuntsu ai dole ya yi warin tsuntsu. Na ce masa kaji ya sani, ni kuwa shekara goma sha biyar ina wannan sana'a, ba a ƙauye na koye ta ba. Na ba shi hutun ranar Arfa saboda yana azumi.

Ranar da hantsi na kunna kasko uku na zuba turare ba ƙyashi. Na ja labule, na rufe ƙofa, na bar mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, tana juya iskar ciki don ƙamshin ya kama bango da katako kamar yadda yake kama riga. Niyyata in je in karɓo ragon layya in dawo cikin awa guda. Ciniki ya ja, hanya ta cushe, ban dawo ba sai bayan la'asar. Tun kafin in sa mabuɗi na san akwai matsala, domin shagon da ake jin hayaniyarsa daga bakin titi ya yi tsit. Kanarin duk suna ƙasan keji. Ƙananan wasu sun mutu, wasu na buɗe baki suna haki. Na kwashe na amana zuwa wurin likitan dabbobi, ya dube ni ya tambaya me na ƙona a ɗakin. Bakwai daga cikin goma sha ɗayan suka mutu. Akun Hala ya yi kwana biyu yana fama, ya cika ranar da mutane ke yawon Sallah.

Har zuwa nan kuskure ne. Abin da na yi bayan haka shi ne ya sa na rubuto muku. Na zauna na yi lissafi irin na ɗan kasuwa, na ga idan aka ji cewa da hannuna na yi, sunana ya ƙare. Sai na ce wa masu dawowa mukayyif ne ya lalace zafi ya kashe su, kuma kowa ya san zafin Jidda. Suka yarda. Amma sai aka fara tambaya wa aka bar wa shagon ranar, bakin mutane ya koma kan Kawu. A gabana wani ya ce masa tsufa ya zo, ya kamata ya koma gida ya huta. Kawu ya dube ni, ni kuma na dubi ƙasa.

Hala ce ta ƙarshen dawowa. Na kai mata kejin da zanen har gida, na maimaita mata labarin mukayyif. Ta saurare ni har na gama. Sai ta ɗauki zanen ta kai hancinta, ta daɗe a haka. Ta ce ɗana, ita dai tun da take ba ta taɓa jin mukayyif ya mutu ya bar ƙamshin sandal ba. Ta ce turare ne mai kyau, wadda ta haɗa ta iya. Na ce zan sayo mata wani akun, wanda ya fi wannan ma. Ta ce in bar shi, shekarun da suka rage mata ba su kai ta sake koya wa wani sallama ba. Abu ɗaya ta nema, in je in wanke bawan Allahn nan da ake zagi saboda ni, tun ba ta yi da bakinta ba. Na bi gidajen ɗaya bayan ɗaya na faɗi gaskiya. Wasu sun karɓi diyya, wasu sun rufe ƙofa. Kawu ya ce ya yafe, amma ƙarshen wata ya ajiye mini mabuɗi ya koma aikin sito a tashar jiragen ruwa.

Ina jan kunnen duk mai ajiye tsuntsu, a shago ko a gida, musamman lokacin Sallah da kasko ba ya hucewa: ku fitar da keji kafin ku kunna turare, kuma kada ku mayar da shi sai iska ta wanke ɗakin. Idan wanda ke ƙarƙashinku ya faɗa muku abin da ya sani, ku auna maganar, ba matsayinsa ba. In kuma ɓarna ta auku, a faɗe ta a ranar. Da na yi haka, da tsuntsaye kawai na rasa.

Hajar da ta mutu na mayar da ita cikin wata huɗu, kuma yanzu shagon ya fi da ciniki. Na ɗauki ma'aikata biyu, ba su kai Kawu ɗaya ba. Hala tana amsa gaisuwata, amma ta daina tsokanata. Hajji uku ke nan sun wuce, mutanenmu na tafiya Makka kamar kullum, kuma ko mutum ɗaya bai sake kawo mini ajiya ba.