Baba Igiya, Maginin da Ya Tada Ɗakin Yayata

Kafin rana ta yi zafi Baba Igiya ya riga ya isa wurin aiki. Zai jingine kekensa, ya jiƙa jan bulo, ya ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwa, sannan ya ɗauki cokalin gini. Ya ce bulo mai ƙishirwa shanye ruwan kwaɓi yake yi, bango ya tashi ba ƙwari. Shekara arba'in da ɗaya yana haka, sai makon jiya ciwon gwiwoyi ya sauko da shi daga kan katakon da magina ke hawa.

Ni a gidan yayata na san shi. Daminar da mijinta ya rasu, ruwa ya kayar da ɗakinta, ta koma rumfa ita da 'ya'ya huɗu. Dangi suka haɗa mata bulo, amma duk maginin da ya zo sai ya ce bulon ba zai kai rufi ba, sai dai a jera shi falle ɗaya. Baba Igiya ya zagaya tulin sau biyu.

"Falle ɗaya na raba ɗaki ne, ba ya ɗaukar rufi," in ji shi. "Kwantar da hankalinki, 'yata, wannan zai isa."

Maimakon ya kwantar da bulon, sai ya tsayar da shi a kan gefensa, biyu suna kallon juna da fili a tsakani, na uku a gicciye yana ɗaure su, ta yadda bango zai yi kauri ba tare da cin bulo da yawa ba. Kawunmu ya leƙa ya ga rami a cikin bango.

"Malam, ɗaki muka ce, ba masaukin ɓeraye ba!"

"Ɓeran da ya samu ƙofa a nan, ni zan kai masa tabarma," Baba Igiya ya amsa.

Rana ta uku, ga hadari ya haɗu, ya hango inda gaɓar bulo ta hau kan gaɓa a aikinsa na jiya. Ba wanda ya lura. Ya rushe layi biyar da hannunsa, yayata tana kuka tana roƙonsa ya bari.

"Nan tsaga za ta bi," ya ce mata. "Kuma yaranki ne za su kwana a ƙarƙashinsa."

Shekara goma sha tara ke nan, bangon ko tsaga babu. Da bazara ɗakin ya fi ko'ina sanyi, har Kawu can yake zuwa barcin rana.

Baba Igiya, kai ne mai gyara abin da ido bai gani ba. Kai ne ka mayar da marayu huɗu ƙarƙashin rufi. Mun gode, Allah ya ba gwiwoyin nan lafiya.

Yanzu kullum da hantsi yana zaune a ƙofar gidansa, ya ce duk mai son koyon ɗaurin bulo ya zo, ba ya ɓoye komai. Magina, ku je tun yana ganin karkatar bango daga nesa. Ku tafi da cokalinku, don ya ce shi ba ya koyar da mai hannu a aljihu.