Tilbir Dai, Ɗan Dakon da Ya Kashe Kasuwarsa da Hannunsa

Kafin zakaranmu ya gama shawarar ko zai yi cara, Tilbir Dai (Dai a yarenmu shi ne yaya, kowa haka yake kiransa) ya riga ya wuce ta bayan gidanmu. Ba sai na leƙa ba; tarinsa nake ji, da ƙwal-ƙwal ɗin fankon tukunyar gas yana gogar katanga. Haka zai gangara matakalan dutse har bakin titi inda mota ke tsayawa, ya ajiye fanko, ya ɗora cikakkiya a gadon baya, ya maƙala igiyarta a goshi, ya juyo. Sai rana ta take tsaka za ka hango shi can ƙasa yana hawowa a duƙe. In ya iso ƙofar gidan da aka aike shi, tun bai sauke kaya ba zai ɗaga murya:

"Ƙanwata, shayi ya tafasa, ko ni nake tafe da wutar?"

Tun ina amarya a ƙauyenmu na kan dutse, Simalgaun, na tarar da shi yana wannan hawa da sauka, yau ga ni da furfura. Da gishiri da kananzir yake hawo mana da su, zamani ya juya aka koma gas, bayan nan nasa dai shi ne bai canja ba. Duk shinkafar da ta nuna a garin nan, a bayan mutumin nan ta nuna. Sakayyarsa kuwa, in ya makara a ce ya tsaya shan giyar tamba a hanya, in ya zo da wuri a girgiza tukunyar a ce kamar ba ta cika ba.

Makon jiya ya ajiye igiyarsa. Na ce ko ba wanda zai yi masa jinjina ni zan yi, don ban taɓa ganin mai sana'ar da ya bi gida-gida yana lallashin mutane su daina neman hajarsa ba sai shi.

Ga mafarin abin. Bara da damina ciwon baya ya kai shi asibiti a birnin Pokhara, likita ya ce masa in ya ci gaba da ɗaukar abin da ya fi tulun ruwa nauyi, to ya shirya zaman tabarma har ƙarshen ransa. Bai faɗa wa kowa ba. Matarsa Kausila ce ta tsegunta min muna wanki a bakin rafi, bayan ta sa na rantse da kan 'ya'yana. Na ce to ya daina mana! Ta ce, "Ya daina wa ya ɗauka? Ke kin ga saurayi ɗaya a garin nan?" Gaskiyarta. Samarinmu duk suna Katar da Maleshiya, garin ya zama na mata da tsofaffi da awaki. Itace kuma kwamitin daji ya hana sara, ban da haka ma rabinmu hayaƙi ya riga ya cinye mana ƙirji. Shi Tilbir Dai ya ce ba zai zauna ba muddin akwai gida ɗaya da ke jiran wuta daga bayansa.

Sai ya dubi rafin nan namu, wanda ke juya ɗan injin da ke ba mu lantarki, ya ce, "Ga wuta tana zuba a gindinmu, ni kuma ina zuwa ɗauko ta wata ƙasa a kaina. Anya ina da hankali?" Ranar nan ya hawo da wani baƙin faranti mai santsi a ƙarƙashin hammata, wai murhun lantarki ne. Babu harshen wuta, babu hayaƙi, sai ƙii-ƙii in an danna.

Murhun kuma ɗan tsirfa ne, ba kowace tukunya yake so ba, sai mai shimfiɗaɗɗen gindi wadda maganaɗisu ke kamawa. Tilbir Dai ya fasa tsohuwar rediyonsa ya ciro maganaɗisun, ya shiga bin ɗakunan girkinmu yana manna wa tukwane. Tabɗi! Ranar an ji masifa. Wata ta rungume tukunyar tagullarta tana cewa, "Wadda uwata ta ba ni ranar aurena ce wannan farantin zai raina?"

"Ba raina ta ya yi ba, ƙanwata," in ji shi, "kunyarta yake ji. Ina shi ina ɗaukar babbar mace irin wannan?"

Har da tsohon soja Jitman, wanda ya cika mana kunne da labarin ƙarfen harsashin da ke cinyarsa tun zamanin yaƙi. Tilbir Dai ya manna masa maganaɗisu a wurin, abu ya faɗo ƙasa tim. Jitman ya ce ai ɗaya cinyar ce. Aka gwada ɗayar. Har yau ba ya gaishe shi da kyau.

Da gidaje suka fara karɓa, sai wata sabuwa ta ɓullo. Mu nan lokacin cin abincinmu ɗaya ne, safe da yamma, kamar an kaɗa mana ƙararrawa. Ranar da gari ya danna murhu a tare, injin rafi ya yi tari ɗaya ya shaƙe. Kowane gida shinkafa ta tsaya rabi tsaba rabi tuwo. Ba wanda ya zagi injin, kowa Tilbir ya zaga. Shi kuwa ya zauna a kan katanga yana taunar tasa gumbar, har dabara ta zo masa: unguwar sama su fara ɗorawa, da zarar 'yan unguwar ƙasa sun ji tukwanen sama, irin masu kulle murfi da ke ƙara in girki ya yi, sun busa usur, sai su ɗora nasu. In wata ya mutu a yi musanya. Da haka muke ci har yanzu, kuma kowa ya san wadda ke makara da girki, tunda tukunyarta ke tona ta.

Kai ne, Dai, ka sha zagi a kan gas, ka sha zagi a kan lantarki, ba ka taɓa mayar wa kowa ba sai da dariya. Kai ne jakin gari da ya koya wa gari tafiya da ƙafarsa.

Saura gida ɗaya, kuma ba sai na ɓoye ba, namu ne. Surukata Lilamaya, wadda kowa ke kira Ama, wato uwa, ita ce shugabar ƙungiyar iyaye mata, in ta yi atishawa mata ke kamuwa da mura. Gas ma da ƙyar ta yarda da shi, don dai yana da harshen wuta. Ita ba ta kai loma baki sai ta fara gutsura ta jefa wa wuta rabonta.

"Wutar da ba a gani wuta ce?" in ji ta. "Ina zan jefa mata nata? A kan madubi?"

Tilbir Dai ya yi lallashi har ya gaji. Da gas ɗinmu ya ƙare sai ya koma ƙarya, kullum wai mota ba ta zo ba, ya kawo mana murhun ya ce aro ne kafin ta zo. Ni nake girki a kai, Ama tana ci tana harararsa.

Ana nan Dasai, babban bikinmu na shekara, ya matso. Kowa ya san kafin biki sai an yaɓe gida da jar ƙasa da kashin saniya, musamman murhu, don ba a dafa abincin biki a wurin da ba a tsarkake ba. Na tafi yankar wa ɓaunar da muke kiwo don madara ciyawa, na bar Ama da kwaryar kwaɓi. Da na dawo, ɗakin girki ya yi kyau, ja wur, har da ƙamshi. Na duba ban ga murhu ba. Sai wani tudu ja mai santsi a kusurwa, wayar lantarki ta fito ta gindinsa.

"Ama, ina murhun?"

"Ga shi nan. Tunda dole sai na ci abincinsa, na mai da shi ɗan gida."

Ba ta bar ko ƙofa ɗaya ba. Sama, gefe, har 'yan ramukan da fanka ke shan iska ta ƙasa, duk ta bi da yatsa ta liƙe tsaf, don Ama ba ta aikin ha'inci. Ta ɗan share inda ake dannawa, ta ce in ɗora kaskon suyar wainar zobe. Na ce Ama kada a yi. Ta ce ni da ita wa ya riga wani fara girki? Na danna. Murhu ya yi ƙii, ya yi gurnani, wani irin wari na gasasshen kashin saniya ya tashi har sai da ɓauna ta leƙo. Daga nan ya yi shiru.

Kafin ka ce kwabo tsakar gida ta cika da mata, aka kira Tilbir Dai. Ama ta nuna tudun da sandarta.

"Kun gani ko? Abin da ba ya jure tsarki, da shi kuke ciyar da mazajenku?"

Nan take aka fara ƙus-ƙus. Wannan ta ce dama ita shinkafarta ta daina daɗi, waccan ta ce ai fankonta na nan ba ta yar ba. Ina kallo aikin shekara guda yana narkewa. Ama ta juya gare shi ta ce, "Tilbire, gas nake so, yau ɗin nan. Kada ka ce min mota."

Ya dubi tudun, ya dube ta. Dattijuwa ce ta yi magana a gaban jama'a, ga biki a ƙofa. Ya ce, "To, Ama." Ya zaro igiyarsa daga ƙugu, ya kama hanyar matakala. Na buɗe baki zan tona, sai na tuna rantsuwar da na yi wa matarsa.

Kausila ce ta fashe. Ta yi jifa da kwandonta ta ce, "Ki aike shi, Ama! Amma ki nemi wanda zai hawo miki da shi da tukunyar gaba ɗaya!" Ta zayyane maganar likita kaf, tana kuka tana zaginsa.

Ban san Ama na da sauran gudu ba sai ranar. Ta isa bakin matakala ta ƙwala kira har dutsen tsallake ya amsa.

"Tilbire! Dawo nan, mai kan dutse! Ni za ka mayar mai kisan kai da tsufana?"

Muryarsa ta taso daga ƙasa: "Ama, ai ke kika ce gas!"

"Na ce gas, ban ce gawa ba! Ni na yanke maka cibiya, ja'iri, za ka ɓoye min ciwo?"

Ya hawo sumui-sumui. Ya zauna da gashin kaza da gindin cokali yana sakace ramukan murhu, Ama na tsaye a kansa tana faɗa masa inda ya tsallake, sai ka ce ba ita ta liƙe ba. Aka shanya shi a kan rufi tare da barkono. Washegari aka danna, ya ce ƙii, mata suka ɗau guɗa. Sannan ya gina masa ɗan dandamali na ƙasa, ya ce wa Ama wannan ta yaɓe shi safe da yamma in ta ga dama, amma farantin ta bar shi da arnancinsa. Ya ajiye 'yar fitilar mai a gefe, mai harshen wuta na gaske, don ta samu inda za ta jefa lomarta. Daga ranar ba wadda ta sake ambaton gas. Yanzu wutarmu daga rafinmu, ganyen miya daga bayan ɗaki, madara daga turke. Ko ƙasa ta zaftare ta rufe titi, tukwanenmu sai sun busa.

Ranar babban biki, da manya ke manna wa na ƙasa jar shinkafar albarka a goshi, Ama ta aika a kira shi. Ya durƙusa ya cire hula. Ta kai babban yatsanta goshinsa, sai yatsan ya faɗa cikin wani kwari daga wannan gefe zuwa wancan, inda gashi ya daina tsiro.

"Wannan fa?"

"Igiya ce, Ama."

Ta daɗe ba ta ɗauke hannu ba. Ta dinga ɗibar shinkafa tana cika wurin har tana zubo masa a hanci. Can ta ce, "Tashi ka ba ni wuri, hayaƙi ya shigar min ido." A ɗakin kuwa babu hayaƙi ko na ashana. Ni dai ban ɓoye nawa ba, kuka na yi sosai.

Mun gode, Dai. Mun gode da wutar da ka hawo mana da ita, mun fi godewa da wadda ka nuna mana a ƙofar gidanmu. Ka miƙe bayanka ka zauna a rana, shayinka yana kanmu. Masu sana'a kuma su yi koyi da kai: in ka ga abin da ya fi hajarka amfani ga mutane, ka nuna musu, ko da kasuwarka ce za ta mutu. Sauranmu, kowa ya waiga ya ga wa ke ɗauke da girkin gidansa a baya, ya ce masa ya cire hula ya ga goshinsa tun yana iya tsayuwa.