Shekarar Da Albasata Ta Ruɓe

Shekarar da na faɗi jarabawar fita kolej karo na biyu, na tattara komatsaina daga Konni na koma ƙauyenmu kusa da Dogarawa, da niyyar in nuna wa mutane yadda ake noma. Takardar shaida dai ban samo ba, amma na zo da wani ɗan littafin Faransanci mai hotunan kayan lambu, na kuma zo da baki.

Babana manomin albasa ne tun kafin a haife ni. Garkarsa tana cikin fadama, da rijiya guda a tsakiya, wadda matan unguwarmu ma suke ɗiba idan ta gari ta yi ƙasa. Takin awaki da toka kawai yake zubawa. Idan ganye ya fara kwanciya sai ya ɗauke ruwa, ya bar albasar ta bushe a cikin ƙasa kafin a cire. Ba ta wuce girman ƙwan agwagwa, amma ja ce jawur, ga tauri. A zuba ta a rudu, wato ɗan rumbun karan nan da ake ɗorawa kan itace don iska ta ratsa, ta zauna har damina ta yi nisa, lokacin da take daraja.

Ni kuwa ƙanƙantarta ce ta dame ni. Na same shi yana gyaran fangali, wato ɗan kwamin da ake dasa albasa a ciki, na ce, "Baba, a ba ni rabin garka bana. Wannan noman na da ne."

Ya ɗago ya dube ni. "Kai da ko lawashi ba ka taɓa cirewa ba?"

"Ai na karanta."

"To, madalla. Ɗauki na gabas."

Na sayar da kekena na sayo takin zamani daga tsallaken iyaka. Na aro injin ban ruwa wurin kawuna. Littafin ya faɗi adadin takin da za a zuba, ni kuma na ga idan kaɗan yana da amfani, mai yawa ai sai ya fi, don haka na ninka. Ruwa kuwa safe da yamma. Har ranar da Baba ya ɗauke wa tasa ruwa, ni injina yana ta tatata, mutane suna wucewa suna cewa, "Sannu da aiki, Injiniya!" Sunan ya yi mini daɗi, ban gane tsiya suke yi mini ba.

Da aka cire, kai, albasa ta yi kyau! Kowace ɗaya sai ta cika tafin hannun babban mutum. Har daga maƙwabtan garake aka zo kallo. Wani direban kamyon, babbar motar ɗaukar siminti, daga Malbaza ya tsaya a bakin hanya ya ce zai kwashe duka ya kai kudu. Baba ya ɗauki guda ya matsa wuyanta da babban yatsa, ya ja ni gefe.

"Ka saida mai yanzu. Wagga albasa ruwa ta, ba ta kwana."

Na ce a'a. A lokacin kowa ya cire tasa, kasuwa ta cika, ana bayar da ita kamar kyauta. Ni sai damina. Na gina rudu nawa, na cusa ta har baki, ban ware wadda fartanya ta sara ba, ban bari ta sha iska ba ko na kwana biyu.

Bazara ta yi zafi, hadari ya fara haɗuwa. Wata safiya Inna, mahaifiyata, ta tsaya tsakar gida da tsintsiya a hannu tana shinshina iska.

"Wani abu ya mutu bayan gidan ga."

Aka duba ko kaza ce, aka duba ko ɓera. Ni na riga na sani, don tun shekaranjiya na ga wani baƙin ruwa yana ɗiga daga ƙarƙashin ruduna. Na buɗe na zura hannu, sai ya nutse har gwiwar hannu kamar a cikin kunu. Warin ruɓaɓɓiyar albasa ba ya wankuwa da sabulu. Yarinyar da nake nema a lokacin, da na je zance da la'asar, ta yi ta ja da baya har ta kai bakin zaure, daga can ta ce in yi magana da ƙarfi tana ji.

Kunya ce ta sa na yi abin da ya fi ruɓewar muni. Da sassafe na ɗaura wa jakinmu amalanke, na yi sawu bakwai, na juye ta duka a wani kwazazzabo bayan gari inda ba mai bi. Na kakkaɓe hannu na ce magana ta ƙare.

Bayan kwana uku aka yi ruwan farko mai ƙarfi. Abin da ban tsaya na duba ba shi ne inda kwazazzabon yake kaiwa. Tabki yake kaiwa, wanda dabbobin gari da na makiyaya suke sha, mata suke wanki, magina suke ɗibar ruwan kwaɓa ƙasa. Kafin mako ya zagayo ruwan ya yi kumfa, bakinsa ya yi kore, ɓawon albasa yana yawo a kai. Kwaɗin da suka fara kuka suka yi shiru. Ƙuda kuwa ya cika gari, ba a isa a buɗe ƙwaryar fura ba.

Wani dattijon Bafillace da yake sauka kusa da mu kowace damina ya kai ƙara wurin mai gari. Aka aiko kirana. Ba a yi wahalar bincike ba, don duk yankin ba mai albasa mai wannan girman sai ni, ga shi dattijon ya zo da guda a kan sandarsa, ya soke ta kamar tsire.

Ya ce, "Ranka shi daɗe, shanuna sun zo da ƙishi, sun sa baki sun ɗaga. Sai da na kora su tafiyar rabin yini kafin su sha. Ni ban zo faɗa ba. So nike in ga mutumen da ya yi wa tabki miya."

Fada ta fashe da dariya, har mai gari sai da ya rufe baki da hannun riga. Da aka lafa ya ce in kwashe abina daga ruwa, duka, da hannuna.

Kwana huɗu na yi ina shiga tabki har ƙugu da manjagara da kwando. Masu wucewa ba su fasa gaisuwa ba: "Injiniya, ya aiki?" Rana ta biyu sai ga Baba da nasa kwandon, ya naɗe wando ya shigo. Ita kuwa Inna ba ta iya shiru ba. Ta kawo mana fura bakin tabki ta zauna can nesa da mayafi a hanci.

"Kai albasa kaɗai kake gani ta lalace," in ji ta. "Ruwan da injinka ya zuƙe fa? Sai da munka ƙara igiya gaba biyu ga guga bana, ba a taɓa yi ba. Karan da ka yi rudu da shi, da tumaki sun ci. Itacen da ka sara. Kekenka. Duk ga su nan cikin kwando."

Na ce, "Inna, ai na ji."

"Ba ka ji ba tukuna, ban ƙare ba."

Kuma ba ta ƙare ɗin ba sai da furar ta ƙare.

Abin da muka kwaso Baba bai yarda a sake jibge shi a fili ba. Ya sa na haƙa rami mai zurfi a ƙarshen gonar gero, nesa da rijiya da hanyar ruwa. Mu zuba albasa, mu bi da toka da busasshiyar ciyawa, mu sake zubawa, har ya cika muka rufe da ƙasa. Tabkin bai koma daidai ba sai da aka yi ruwa biyu manya suka wanke shi, sannan shanu suka yarda da shi.

Ashe kuma tun ranar da na buɗe rudu, kafin in fara jigila, Inna da ƙannena mata sun tsince wadda ba ta gama lalacewa ba. Suka yanke ɓangaren da ya ruɓe, suka yayyanka sauran sirara, suka shanya a tabarmi a kan rufin ɗaki, suna kwashewa da gudu duk sanda hadari ya taso. Daga rabin garka guda, abin da ya tsira bai fi tulu biyu ba. Da shi aka yi mana miya har lokacin girbi, kuma kullum aka ajiye tuwo sai Inna ta ce, "Ku ci da kyau, ta ɗan boko ce."

Da kaka ta yi aka fara shirin sabon dashe, na bi Baba garka ban ce a ba ni komai ba. Ya auna fangali uku a gefen rijiya ya ce nawa ne. Na tambaye shi ko in ɗan sa takin zamani, tunda akwai ragowar rabin buhu.

Ya ce, "Sa mana, ai ba guba ba ne. Cikin hannu guda ga kowane fangali, kuma ina tsaye."

Na ɗebo da hannu na nuna masa. Ya kama hannun ya karkaɗe kusan rabi ya koma buhu, sannan ya ce in watsa.