Hoton Kaka Babu Hula

Ladan bai gama kiran sallar farko ba muka bar gida, ni da Gwaggo, ƙanwar mahaifina, da akwatinta wanda ya fi ta nauyi. Umara ce ta tashe mu, amma kowa a gidanmu ya san Gwaggo da wata buƙatar ta biyu, kuma ni na jawo mata ita.

Ina koyar da ilimin sassan jiki a makarantar koyon jinya. Bara, garin tone-tonen tsofaffin littattafai a intanet, na ci karo da littafin wani likita Bature da ya zauna a Jidda zamanin da ake zuwa hajji da ƙafa. Aikinsa auna kawunan mutane: faɗin goshi, tsawon hanci, kewayen ƙeya. Cikin hotunan waɗanda ya auna sai ga wani mutum, an ɗauke shi ta gaba da ta gefe, a ƙasa an rubuta sunansa da na ubansa da na garinmu. Kakan Gwaggo ne, wanda ya yi Gabas ya bar mahaifinta a goye, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Duk gidan Kaka muke ce masa.

Da murnata na wanke hoton na kai mata. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ina hularsa? Ina rigarsa?" Hoton a kafaɗa ya tsaya, kai a buɗe, kafaɗa tsirara. A garinmu ba a ganin magidanci haka a bainar jama'a, sai ɓarawon da aka kama, ko bawa a kasuwa a zamanin da. Dama akwai tsohuwar magana cewa ana sayar da wasu matafiyan a hanya. Gwaggo ta yanke wa kanta hukunci cewa abin da ya sami Kaka ke nan, kuma Baturen nan ne ya tuɓe shi yana dubawa kamar rago. Tun daga ranar abinci ya daina yi mata daɗi. Na sa hoton a shafina ina cigiya, sai wani mutum ya rubuto daga Makka da Hausa mai ɗingishi, ya ce, "Wannan jaddin babana ne." Wato kakan mahaifinsa.

A filin jirgi na Kano na ɗaura harami, na cire hular da ta shekara da shekaru tana rufa wa sanƙona asiri. Gwaggo ta dube ni sama da ƙasa ta ce ashe madubi nake yawo da shi ba ta sani ba. Wannan ce kaɗai dariyar da ta yi har muka sauka.

Jidda ta tarbe mu da zafi mai ɗanko, irin na bakin teku. Titin Makka kuwa shimfiɗe yake ba rami ko ɗaya, har na ji ƙashin bayana yana cigiyar hanyar garinmu. Duwatsu baƙaƙe hagu da dama, babu ko ciyawa. Kafin a shiga gari akwai allon da ke nuna wa wanda ba Musulmi ba inda zai ratse. Na tuna da likitan nan, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana kallon mutane suna bin wannan hanya, shi kuma iyakarsa bakin ruwa. Batun tsada kuwa, da na juya kuɗin kofin shayi zuwa naira sau ɗaya, sai na yi wa kaina alkawarin ba zan ƙara ba, don kada hawan jini ya ɓata mini ibada.

Mun yi ɗawafi da sa'ayi lafiya. Ba zan iya kwatanta ganin Ka'aba ba, na dai yi kuka, kuma ban ji kunyar kowa ba.

Washegari da hantsi mutumin da ya rubuto ya zo ya ɗauke mu. Magidanci ne, yana aiki a kantin magani, Larabci ya fi zama a bakinsa. Ya kai mu Jarwal, tsohuwar unguwa kusa da Harami, inda manyan otal-otal suka sa tsofaffin gidaje a tsakiya. A wani lungu na ji ƙamshin daddawa sai ka ce a kasuwar Kurmi. Akwai mai tsire ma, amma a can sire suke cewa.

A bene na biyu muka sami kakarsa, tsohuwa tukuf, 'yar da Kaka ya haifa a Makka. Wato gwaggon Gwaggo ce. Ta kama fuskar Gwaggo da hannu biyu ta ce, "Ahlan, ahlan, ɗiyar ɗan'uwana. Wannan goshin na gidanmu ne." Aka kawo gahawa da dabino, amma Gwaggo ba ta taɓa ba. Ta zaro hoton daga jaka ta miƙa, ta ce, "Gwaggo, ki gaya mini gaskiya. Sayar da shi aka yi?"

Tsohuwar ta kai hoton kusa da ido. Ta ce, "Wa ya yanke shi haka?" Sai ta juya ga jikanta. "Ya waladi, jeka ɗakina ka sauko da na bango."

Hoton guda ne, amma wannan cikakke ne tun daga kai har ƙafa. Ga Kaka tsaye, farin gyauto a ƙugu, ɗayan ƙyallen rataye a hannu, takalmi fade. Harami ne a jikinsa, irin wanda na ɗaura a Kano. Gwaggo ta kwana ta wuni cikin dubban maza marasa hula, ni ma haka, amma ba wanda ya kawo wannan a ransa.

"Daga jirgin ruwa suka sauko, sun riga sun yi niyya," in ji tsohuwar. "Abuya, mahaifinmu, ya sha ba mu labarin. Hakim ɗin, likitan nan, yana jin Hausa. Ya nemi izini, ya auna goshi, ya auna hanci. Da ya ɗauko wani ƙarfe mai kamar akushi zai kifa masa a ka, Abuya ya riƙe hannunsa ya ce, ina cikin harami, ba a rufe mini kai. Wallah sai ya ajiye, ya ce a gafarce shi. Daga ranar bai ƙara kifa wa mai harami ba. Bayan an sauko daga Arfa ya aiko masa da wannan."

Gwaggo ta ce, "Ya hau Arfa ke nan?"

"Ya hau, ya sake hawa, har ya gaji da ƙirgawa. Ɗinki ya yi a nan har ya rasu. Kullum cewa yake baɗi zai koma ya ɗauko ɗansa."

Gwaggo ta rufe fuska da mayafi. Muka ƙyale ta.

Da aka kawo tuwo da miyar kuka sai gardama ta tashi tsakanina da ɗan'uwan namu. Shi ba ya ƙaunar likitan ko kaɗan. Ya ce, "Ya akhi, ya auna mu kamar hatsi. Ka karanta littafin ai. Ya jera mutane hawa-hawa, mu a ƙasa." Gaskiya ya faɗa, ban musa ba. Ilimi ya daɗe da watsar da wannan tunani, girman kai ba ya nuna hankali, kuma irin waɗannan littattafai sun ba azzalumai hujja. Amma ni ina ganin ƙimar mutumin, kuma na faɗa. 'Yan zamaninsa lamba suke sa wa mutane, shi ya tambayi suna da sunan uba ya rubuta daidai. Ya koyi harshen waɗanda yake aunawa. Tsohuwar ta ƙara da cewa shekarar da amai da gudawa ya ɓarke a bakin ruwa, manya sun gudu, shi ya tsaya yana ba alhazai ruwa da hannunsa. Jikan ya ce duk da haka shi ne ya yanke hoton a kafaɗa. Na ce kuma shi ne ya aiko da cikakken. Tsohuwar ta ce mu ci tuwo kada ya huce, mutum ba ya zama abu ɗaya.

Kafin mu taso ɗan'uwan namu ya zaga da mu Muzdalifa da Arfa. Ba lokacin hajji ba ne, fili fetal, sai ma'aikata jefi-jefi da tantabaru. Gwaggo ta sauka daga mota ta tsaya cikin rana tana addu'a, ta ƙi lema. Ni na yi wa Kaka addu'a, na kuma tuna da Baturen da ya ajiye ƙarfensa saboda maganar baƙon da ba shi da kowa a ƙasar.

Mun dawo da zamzam, da dabino, da kwafin cikakken hoton a tsakiyar akwatin Gwaggo, naɗe cikin sabon zane. A hanyar gida daga filin jirgi ramuka suka yi mana sannu da zuwa, Gwaggo kuma ta ce a tsaya ta sayi gurasa, yunwa take ji. Abin da na koyo ɗan kaɗan ne: likitan ya yanke wa mutane hukunci da abin da ke sama da kafaɗa, mu ma da iya nan muka yanke wa Kaka. Yanzu in na ɗaga ƙoƙon kan roba a aji, nakan fara da labarin su biyun.

Gwaggo ta rataye hoton a falonta, sama da agogo. Rannan wani jikanta ya shigo ya tsaya yana kallo, ya ce, "Wane ne wannan ba hula?"

Ta ce, "Rusuna ka gaida Alhaji."