Ruwan Ƙaguwa a Kwalba

Na ci jarrabawar bak, na gama sakandare, jama'a! Tun safe wayata ke kuka, yatsuna har sun gaji da tura "na gode". Amma makin da na samu da ya fi kowanne kyau a lise, makarantar tamu, shi ne ba na son tunawa.

A ajin ƙarshe aka ba ni ekspoze, wato bayani a gaban aji, kan yadda ƙaguwa ke kiran miji. Wai macen in ta kusa tuɓe ɓawonta, tana sakin wani sinadari cikin ruwa, namijin ya ji, ya zo ya rungume ta, ya tsare ta har sabon ɓawo ya yi ƙwari. Na ɗare moto sai bakin Binuwai, wurin kawuna masunci. Ya ɗago mini ƙaguwa biyu manne da juna.

"Kalla ki mayar, 'yar boko. Mu in irin waɗannan suka shiga taru, sakinsu muke."

"Haba Kawu, siyans ne fa!"

"Siyans ɗin gidanku."

Na raba su. Namijin a bokiti, macen ta yini ita kaɗai a kwanon Inna, na ɗebi ruwanta na cika kwalba. Da Inna ta ƙwace kwanonta, sai na juye macen cikin roba tare da wasu uku da na kamo.

Kashegari da azahar na dawo, ga ta zaune lafiya, har da idanu. Na ɗaga, fayau. Ba kowa a ciki, ɓawo ne kawai. Ashe ta tuɓe, jiki laushi kamar dafaffen ƙwai, ba mai tsaro, sauran suka cinye ta tas.

Ranar ekspoze na zuba wa namijin ruwan kwalbar. Wallahi sai ya miƙe kan ƙafafunsa, ya buɗe hannuwa, yana zagaya bokiti yana lalube. Aji ya ɓarke: "Ango! Ango!" Mesiye malaminmu har da tafi, ya ba ni wancan makin. Ni kaɗai na san amaryar ta kwana uku da mutuwa.

Na mayar da shi kogi. Kawu ya leƙa bokitin.

"Ina ɗayar?"

Na sunkuya na juye bokitin a ruwa, bai sake tambaya ba.

Saura rabin kwalba, tana ƙarƙashin gadona har yau. Sau biyu ina kai ta bakin ruwa in zubar. Sai in tuna duk mazan da za su fito daga ramuka suna lalube, in mayar da murfi in dawo da ita gida.