Hoton Kan Auduga

Tun da ya kama aska ba wanda ya ƙara kiransa da sunan yanka. Auduga ake ce masa, saboda laushin hannu. Mutum zai zauna a kujerarsa da damuwar duniya cike da ka, kafin a gama shafa masa kumfa ya fara gyangyaɗi, sai an taɓa kafaɗarsa an ce an gama. Shagon askin na yayansa ne, mai dogon madubi da ya tsage a kusurwa, da fanka mai kuka kamar za ta faɗo. Yaya ne ya koya masa sana'ar tun yana mai sharar gashi, kuma ƙa'ida ɗaya ya dasa masa a ka: in ka ɗora wa mutum aska, ko gobara ta tashi sai ka gama. Mai aski ba ya barin kai rabi.

To, wannan ƙa'idar ce Auduga ya karya wata rana da hantsi. Yana cikin aske wani direban motar haya, ba faɗa, ba mugun labari, sai zuciyarsa ta hau dukan ƙirji kamar za ta ɓalle. Numfashi ya ƙi shiga. Yatsunsa suka yi sanyi, madubin ya yi masa nisa, ya sakankance mutuwa ce ta zo. Ya yar da askar ya fita titi a guje, ya durƙusa bakin kwata yana haki. Kafin a kawo ruwa abin ya wuce kamar ba a yi ba. Direban kuwa ya biyo shi da ƙyalle a wuya, rabin kai tas, rabi kurmi, yana tambaya ko wani laifi ya yi. 'Yan zaman benci suka yi dariya har da riƙe ciki, daga ranar suka koma kiransa Rabin Kai.

Da a nan abin ya tsaya ai da sauƙi. Ina! Sai ya riƙa zuwa ba sallama: a cikin mota, a layin biyan kuɗin wuta, har yana ɗaure wa 'yarsa igiyar takalmi. Aka auna zuciya aka ce lafiya, aka ɗebi jini aka ce lafiya. Auduga ya koma ɗaki, kujerarsa ta zauna fanko, tsoron dawowar abin ya fi abin kansa cin ransa.

Yaya ba mugu ba ne, amma mutum ne da bai yarda da abin da idonsa bai gani ba. Ya same shi har gida ya ce, "Kai, ƙanena, kujera ba ta zama haka. Ga wani mai aski can kullum yana roƙona ita. In ciwo ne a nuna min, in jira ka ko shekara ce. In ba ciwo ba ne, tashi ka ɗauki askarka."

Matar Auduga ce ta ji wani likita a rediyo yana cewa masu irin wannan firgici akan samu bambanci a ƙwaƙwalwarsu. Ta riƙe maganar nan gam. "Baban yara, ai shi ke nan. A ɗauki hoton kanka, mu kai wa Yaya ya gani da idonsa." Ba ta huta ba sai da aka kai shi asibiti aka tura shi cikin na'urar nan mai kama da rami, mai ƙara kamar ana dukan ƙarfe. Duk wanda ya shiga wurin addu'arsa kada a ga komai. Auduga, bawan Allah, addu'a yake a gani, ko ɗigo ne, ko ɗan tabo.

Likitar da ke duba shi ta ɗaga hoton a haske ta daɗe tana dubawa. Ta ce, "Malam, ban ga wani abu ba."

"Don Allah likita a ƙara dubawa."

Ta ajiye hoton ta dube shi. "Gaskiya ne masu bincike sun ga ɗan bambanci a ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke kula da tsoro. Amma sai an jera hotunan mutane da yawa an kwatanta ake lura da shi. A kan mutum ɗaya ba na iya nuna maka da yatsa. Ciwonka na gaske ne, ciwon firgici ne, kuma yana da magani. Sai dai yana son lokaci."

Ya yi godiya, suka fito. A hanya matar tana ta maimaita masa yadda zai yi wa Yaya bayani, shi kuwa ya rungume ambulan ɗin hoton.

Shago cike yake da suka iso. Yaya ya zaro hoton ya ɗaga shi saitin ƙwan lantarki, masu jiran aski suka miƙo wuya. Ba wanda ya gane komai. Yaya ya ce, "Me likita ta ce?"

"Ta ce ba a ga komai ba, amma..."

"Alhamdulillahi!" Shagon duka ya ɗauka. Yaya ya rungume shi, idonsa har da ƙwalla, farin ciki na tsakani da Allah, kuma wannan ne ya fi yi wa Auduga ciwo. Matar ta buɗe baki daga ƙofa, barka da arziki ta danne muryarta. Dole shi ma ya ce alhamdulillahi. Yaya ya buɗe aljihun tebur ya danƙa masa askarsa a hannu.

Wani tsohon malamin makaranta, wanda tun farko bai yarda da hannun kowa ba sai na Auduga, ya hau kujerar ya kwantar da kai baya. "Ɗana, na yi kewar hannun nan," ya ce, ya lumshe ido.

Auduga ya ɗaura masa ƙyalle, ya shafa kumfa a gemu har maƙogwaro. Ya buɗe askar. Ƙarƙashin kumfar ya hangi jijiyar wuyan tsohon tana bugawa a hankali. Abin bai zo ba. Amma wa zai ba shi tabbacin ba zai zo ba, aska na kan wannan jijiyar?

Sai ya ninke askar ya ajiye gaban madubi, ya ɗauki tawul ya goge kumfar a hankali, ya mayar da hoton kansa cikin ambulan ya nufi ƙofa. Yaya ya yi wa mai askin nan da ke roƙon kujerar, wanda ke zaune a gefe, nuni da haɓa ya matso. Tsohon bai ma san an yi ba, barci ya riga ya ɗauke shi.