Tunkuzar Safo da Karfasar Yaya Sanusi

Shekara tara ke nan da muka kai yayana Sanusi makwancinsa a nan Madarunfa. Kowace shekara nakan so in rubuta wani abu a kansa, sai hidima ta sha kaina. Bana na zauna na rubuta, kuma kunya ce ta zaunar da ni.

Yaya masunci ne tun tashinsa. Da kifin tabki ya fara ja baya, sai ya gina ramuka biyu na siminti a bayan gida ya zuba ƴaƴan karfasa. Abincin kifi na buhu, mai garin kifi a ciki, ya fi ƙarfinsa, don haka ya shiga haɗa nasa: dusar gero, kowar wake, tsohon ganyen zogale da mata suka tsince suka yar. Ya shanya, ya daka, ya mulmula. Mutane suna tsokanarsa wai ya mai da kifi akuya, shi ma yana taya su dariya. Abu ɗaya ne bai yarda da shi ba. Matarsa, Yaya Rabi, tana sayar da kwaɗon zogale a tasha, gidan ba ya rabuwa da tunkuza, wato abin da ke saura in an matse man gyaɗa, wanda ake soya ƙuli-ƙuli da shi. Ya san sarai tunkuza za ta gina masa kifi da sauri, amma ya ce abin da zai shiga bakin mutum ba zai jefa shi a ruwa ba.

Ni na gaji ramukan. Yau sun kai goma, karfasata tana shiga Maraɗi a mota, har an fara ce mini Alhaji tun ban je ba. Sirrin kuwa tunkuza ce. Na yi magana da matan garin Safo da na garin Gabi masu matsar mai, duk abin da suka fitar amalanke ya kawo mini. Na ɗauka dabara na yi, har ina cewa da Yaya na nan da ya yi alfahari da ni.

Watan jiya Yaya Rabi ta yi sallama a bakin ramuka. Matar da ta saba tsokanata da "mijina na biyu" sai ta rusuna ta ce, "Alhaji, ina wuni." Sannan ta faɗi abin da ya kawo ta.

"Na tahi Safo neman tunkuza, an ce duk taka ce. Ko za ka saida mini kaɗan in soya ƙuli?"

A lokacin hannuna cike yake da tunkuzar, ina watsa wa kifi. Na ce a ɗora mata buhu kyauta. Ta girgiza kai.

"Ba roƙo na zo ba, Idi. Sana'ata nika so ta tsaya da ƙahwarta. In ka ba ni yau, gobe wa za ya ba sauran mata?"

Ta juya ta tafi. Na rasa inda zan sa fuskata.

Na sha tambayar kaina me Yaya zai ce da ya ga wannan. Ina jin ba zai yi faɗa ba, ba halinsa ba ne. Zai leƙa ramukan, ya yaba girman kifin, sannan ya tambaye ni ko marayunsa sun ci. Da kwaɗon nan uwarsu take riƙe da su.

Na aika wa matan Safo cewa su fara sayar wa masu ƙuli kafin ni. Na Gabi har yau ban aika ba, domin ina tsoron kifina ya rame, masu saye su koma wani wuri. Na faɗa a nan ne don kada a yi mini yabon da ban kai ba. Ramukansa da sunansa suna hannuna, amma halin da ya sa ake tuna shi yana can tasha, wurin matar da ta ƙi karɓar buhuna.

Shekaranjiya na bi ta wurinta, tunkuzar Safo ba ta fara isowa gare ta ba tukuna. Ta zuba mini kwaɗo a kwano, zogale ne da gishiri da ɗan mai, babu ƙuli ko ƙwaya. Na sa hannu a aljihu, ta ce ƙanen miji ba ya biya. A tsaye na cinye shi, tana kallona.

Allah Ya jiƙan Sanusi, Ya kai haske kabarinsa.